Kwanon Ɗaki Na Huɗu

Ni Hasiya, duk Kiyeshe babu kwanon da za a aje gabana in kasa hwaɗin gidan da ya hito. Na Zuwaira kunnenshi guda ya karye. Na matar Modibbo ƙamshin nono bai barinshi ko da toka anka wanke shi. Ban yi lakwal ba, ban taɓa zama ajin boko ba, amma wadda ta kawo min tuwo ran sunan ɗana na hwari, shekara arba'in da ɗoriya, na san abin da na zuba mata na mayar. Kwano ba ya komawa wayam. Haka uwata ta koya min.

Guda ɗaya ne ya gagare ni, ga shi can rataye bisa gadona.

Ɗahiru, ɗana na uku, shekara shida ya yi a Yamai yana gyaran salula bakin kasuwa. Ɗaki guda yake haya, cikin wani gida mai ɗakuna goma sha biyu a jere kamar akurkin kaji, kowace ƙohwa da lambarta. Damanar bana, muna tsakiyar maimai, noma na biyu, ƙanenshi Mukhtar ya kira ni. Shi ma can Yamai yake da shago, amma ƙetaren gulbi. Ya ce, "Inna, sai haƙuri." Kahin motar da ke tashi daga garin Dutsi ta kai ni, an riga an ruhe Ɗahiru. Ban ga huskarshi ba.

Kwana biyu ya yi kwance cikin ɗakin nan, ƙohwa a kulle, ba rai. Mutum goma sha ɗaya da iyalinsu suna wucewa.

Na ce a shimhiɗa min tabarma ƙohwar ɗakinshi, nan zan zauna a yi min gaisuwa. Na zauna. Wannan ya hito ya tura babur ɗinshi, ya ɗaga min hannu. Waccan ta ratsa gehen tabarma da bokiti, ta ce "pardon", gahwararsu ke nan, ta wuce. A Kiyeshe ko akuyarka ta mutu sai an zo an ce maka Allah ya mayar da alheri.

Sai wajen la'asar wata mata ta hito daga ɗaki na huɗu, 'yar siririya, da tabon ƙuna a bayan hannu. Bazabarma ce, Hausarta guntu-guntu. Ta durƙusa ta ce, "Fonda tilas, Inna." Ban jin Zabarmanci, amma gaisuwar mutuwa ba ta buƙatar tahinta. Ta aje min kwanon samira mai murhi, shinkahwa da wake da ɗan mai. Sa'an nan ta nuna butar Ɗahiru da ke jingine da bango.

"Buta," ta ce. "Kullum asuba yana tashi. Kwana biyu, buta ba tashi. Ni na ce a hwasa ƙohwa."

Ina da tambaya cike da baki. Ya yi ciwo da daɗewa? Ya ci abinci? Ya kira sunana? Amma na bar su tukuna. Ta riƙe min hannu har anka kira magariba. Na ce a raina, ran da zan mayar da kwano na tambaye ta a tsanake.

Ran na uku Mukhtar ya zo da tikitin mota. Shi irin masu ɗangalallen wandon nan ne, makoki kwana uku, ba bakwai ba arba'in. Bazabarmar ta hita tun sahe, ɗakinta a kulle.

"Inna, aje mata kwanon bakin ƙohwa, za ta gani."

"Wayam?"

"To na sayo sukari a zuba."

"Sukarin shago? Wadda ta ga butar ɗan'uwanka, kai kana ƙetaren gulbi sati uku ba ka leƙo shi ba?"

Ya sadda kai. Ban so na hwaɗi haka ba, amma ta riga ta hita. Na naɗe kwanon cikin zanena na taho da shi. Ban tambayi sunanta ba. Mi zai sa in tambaya? Ga kwanonta hannuna, da ɗigo uku na jan farce a gindinshi, kuma na san ƙohwarta. A wurinmu wannan ya isa ka sami mutum ko bayan shekara ashirin.

Akwai wata 'yar gona bakin hanyar Tibiri da Ɗahiru ke aiko da iri a shuka mishi wake duk shekara. Bana ma an shuka, kuma ya yi kyau, kamar bai san mai shi ya tahi ba. Da kaka ta yi, ni da hannuna na roro, na shanya, na sussuka, na tsince ɗaya-ɗaya. Na cika kwanon har murhi bai ruhuwa sai da na ɗaure da tsumma. Na hau mota na koma Yamai da shi bisa cinya.

Mukhtar ya tarbe ni a tasha munka shiga taksi. Rediyon direba na ta surutu, wai mutane su kira su hwaɗi abin da zai gyara birni. Wani ya ce a ƙara gudiro, wato kwalta bisa hanyoyi. Wata ta ce wuta ta daina ɗaukewa. Wani ya ce a yashe magudanan ruwa kahin damana.

"Gaskiyarshi," in ji direba. "Hajiya, ke hwa? Mi za a yi mana?"

"Ba ni da Makka tukuna, ɗana, kira ni Inna. Ni baƙuwa ce."

"Inna za ta ce a ba kowa kwano," in ji Mukhtar.

Direba ya yi dariya, ni ma na ɗan murmusa. Rabon da Mukhtar ya tsokane ni tun kahin rasuwar.

Gidan na nan yadda na bar shi, sai dai an shahe ƙohohin da shuɗin henti. Na wuce ɗakin Ɗahiru ban kalla ba. Na tsaya ga na huɗu na yi sallama. Wata yarinya doguwa ta leƙo, da buroshi a baki.

"Ina mai ɗakin?"

"Ni ce, Inna."

"A'a, ɗiyata. Bazabarma, siririya, mai tabo a hannu."

"Wallahi ban san ta ba. Wata biyu ke nan da na shigo, wayam na iske shi."

Mukhtar ya kirawo mai gadi, wani dattijo da ke kwance bisa benci. Ya ce e, ya tuna ta. Ruwan ƙarshen damana ya shiga ɗakuna huɗu na ƙasa har gwiwa, ta kwashe kayanta cikin amalanke ta tahi.

"Ina ta nuhwa?"

"Allah masani. Birni da hwaɗi."

"To mi ne sunanta?"

Ya sosa ƙeya. "Mu dai Lamba Huɗu muke ce mata."

Na bi ƙohohin nan ɗaya-ɗaya, ina juya kwanon ina nuna ɗigon jan farcen. Lamba biyu ta ce kamar wajen Babbar Kasuwa take sayar da ƙosai. Lamba tara ya ce a'a, wanki take yi gidajen masu hali. Ɗaya ta ce irin kwanon nan ai cike yake da kasuwa. Mukhtar ya ruhe shagonshi kwana biyu muna bin masu ƙosai, ina duban bayan hannunsu kamar mahaukaciya. Mata masu tabon ƙuna sun yi yawa a Yamai. Ba ita.

Ran na uku na ce ya mayar da ni gidan. Na iske yarinyar nan tana wanki, ta ce sunanta Kubra, karatun ungozoma take. Na ce ta kawo roba. Na kwance tsumma na juye mata waken duka.

"Inna, na mi ne?"

"Na ɗakin ne. Amma da sharaɗi. Wa ke cikin lamba bakwai, ɗakin ɗana marigayi, yanzu?"

"Wani saurayi. Ban san sunanshi ba."

"Ki tambaye shi yau. Da sunan uwarshi, da garinsu. Kuma kowace sahiya ki dubi butarshi. In ba ta gusa ba, ki buga ƙohwa, ko zai zage ki."

Ta dubi waken, ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Zan yi, Inna. Sai dai ƙarshen watan nan ni ma zan tashi. Nan ya yi min nisa da lakwal."

Na ce Allah ya ba da sa'a.

A hanyar tasha Mukhtar ya riƙe min kwanon. Can ya ce, "Inna, da na san ba shi da lahiya..." Na ce na sani. Ni ma ban san ba shi da lahiya ba, ni da na haihe shi. Wadda ta sani, mun bar ta ta ɓace da sunanta.

Da direban nan zai sake tambayata, da na ce a yi gudiron, a yi wutar, a yashe magudanan, tunda ruwa ne ya kore ta. Sa'an nan a bar mutum ya daɗe wuri guda, ko da daidai lokacin da wake ke ɗauka ya nuna.

Na hwaɗa ma Mukhtar, in na mutu kada a sa kwanon nan cikin gado. Ba nawa ba ne. Jiya Zuwaira ta shigo aron abin auna gero, ta kai hannu gare shi. Na ce ta ɗauki wani, wanga mai shi na iya zuwa.