Wainar da Ta Fashe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku ji.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, Hyesuk ta ɗaga bargon da ta lulluɓe kwanon ƙullu da shi a kan daɓe mai ɗumi, ta ga ya kumbura har yana taɓa murfi. Ta dangwala yatsa, ramin bai rufe ba. Ya yi.

Shekara huɗu ke nan ba ta sauka daga gidansu da ke hawa na goma sha huɗu na bene ba sai da dalili, dalilin ma a guje. Surukarta, tsohuwa Malsun, gigin tsufa ya kama ta. Sau biyu tana ficewa ana tsinto ta a tashar jirgin ƙasa ta Busan, shi ya sa aka ƙara wa ƙofa sakata can sama. Sakatar nan kuwa, in ka duba, mutum biyu ta kulle.

Yau kwana uku tsohuwar ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. Likita ya ce in aka kai gobe a haka, a kawo ta gidan kula da tsofaffi, akwai gado ɗaya da aka riƙe mata. Gwangsu, mijin Hyesuk, wanda ke aikin ƙera jiragen ruwa a Geoje, sai ƙarshen mako ake ganinsa, shi ne kullum mai cewa, "Ni ne babban ɗa, ina raye ba za a kai uwata wannan wuri ba." Amma da safen nan ya kira, murya a sanyaye.

"Maman Yerin, yi mata hotok mana, wainar nan mai suga a ciki, ko za ta tuna. In ta ƙi shi ma, shi ke nan, na haƙura. In ta ci kuwa, a bar mini ita a gida."

"A bar maka? Kai da kake ina?"

"Haba, Maman Yerin."

Ta kashe wayar. Ba ta gaya masa cewa jiya ta ciro almakashinta na gyaran gashi ta goge ba, ko cewa ƙawarta mai shagon gyaran gashi ta ce kujerar aiki na nan tana jiran ta.

Ta haɗa jan suga da kirfa da dakakkiyar gyaɗa. Ta shafa mai a tafin hannu, ta gutsuro ƙullu, ta yi masa rami ta zuba, ta tattare bakin. Da ƙamshi ya tashi daga kasko sai ta ji jan silifa a bayanta.

"Ke yarinya, wa ya koya miki? Wutar nan ta yi yawa."

"Mama, kin tashi?"

"Wace ce mamarki? Rage wuta, na ce."

Tsohuwar nan shekara talatin ta yi tana soya hotok a bakin kasuwa, da shi ta raini 'ya'ya uku. Sunan ɗanta ya ɓace mata, amma hannu bai manta ba. Ta tsaya a kafaɗar Hyesuk tana ba da umarni kamar sajan. A ɗora bakin ɗaurin a ƙasa. A ƙirga goma kafin a juya. A danna da faifan ƙarfe a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

Shida suka fito, jajaye, lafiya lau. Hyesuk ta ɗauki ɗaya ta hura, ta miƙa.

"Mama, ɗan taɓa."

Tsohuwa ta kau da kai. "Ji shashanci. Na masu saye ne."

"Ai babu kowa, daga ni sai ke."

"Za su zo, 'yan makaranta ba su tashi ba. Ni tunda nake ban taɓa cin lafiyayye ba. Mai sana'a sai wanda ya fashe, shi ne rabonta."

Hyesuk ta ajiye wainar. Ta dubi kwano. Saura curi ɗaya.

Yo ai ta yi abin da aka sa ta. Ta kwaɓa, ta soya, ta miƙa, an ƙi. In Gwangsu ya kira, gaskiya za ta faɗa masa, babu ko ɗigon ƙarya a ciki. Gobe war haka an zare sakatar nan. Ta leƙa taga, can tsakanin dogayen gidaje ana hango ɗan tsinken teku, wanda rabon da ta taka yashinsa har ta manta.

Ta cika curin, ta ɗaure bakinsa da kyau kamar sauran, ta ɗora. Ta ƙirga goma, ta juya. Tsohuwa ta dafa ta don ta leƙa kaskon, hannun nan ba nauyi, kamar busasshen kara. Hyesuk ta ji tsohuwar tana haɗiyar yawu.

Sai ta ɗora faifan, ta sakar masa ƙarfinta duka.

Gefen ya tsage, suga ya kwararo yana tafasa yana baƙi.

"Kash! Hannu kamar na mai fasa dutse! Wa zai sayi wannan? Miƙo nan, kada a yi asara."

Tsohuwa ta zauna a ƙasa tana hurawa tana ci, tana zagin Hyesuk da cikakken baki. Ta lashe yatsu, ta nemi ruwan sha'ir, aka ba ta.

Waya ta yi ƙara. Hyesuk ta bari ta yi ta yi, sannan ta ɗauka.

"Ta ci," ta ce.

Ta ji Gwangsu yana kuka yana godiya. Ta ajiye wayar a kan tebur yana ta magana, ta je ta jiƙa kaskon, don sugan da ya ƙone ba ya fita ta daɗi.

Gadon nan wani tsoho aka ba. Gwangsu ya ci gaba da zuwa ran Asabar da kwandon lemo. Ƙawar Hyesuk ta ɗauki wata a kujerar. Tsohuwa Malsun ta ƙara shekara biyu da wata biyar a gidan, kullum ana soya bakwai ana fasa ɗaya. Almakashin kuwa, da shi Hyesuk take rage mata gashi.

Ƙurunƙus.