Gam a Idon Baba

Babana mai gyaran takalma ne. Shekara arba'in yana shafa gam, don haka duk duniya babu mai gaya masa halin gam. Taurin kai kuwa, kada Allah ya haɗa ka da shi.

Ciwon gaɓoɓi ne ya fara lanƙwasa masa yatsu, daga baya ya ƙafar masa da hawaye ƙaf. Idon hagu ya tafi shekara uku da suka wuce. Wata safiya na daman da ya rage ya fara tsiyayar da ruwa, alhali ko tsinke bai taɓa shi ba. A asibiti likita ta haska, ta ce bushewa ce ta cinye tantanin da ke kan baƙin idon har ya huje, ruwan cikin idon ne ke zuba.

"Za mu liƙe hujin da gam, Baba," in ji ta.

"Gam? To, ki tsane wurin da kyau, 'yata."

Ta yi dariya, ta tsane, ta ɗora ɗigon da bai kai kan allura ba, ta rufe da ɗan gilashi mai taushi. Ta ba mu kwalaben maganin ɗigawa, ta ce a ɗiga kowace awa, kada a bari idon ya bushe.

Ni ina fita aiki. Kullum na dawo sai in ɗaga kwalba, in ga ta ragu, in ji sanyi a raina. Ranar ta goma na dawo da wuri. Na same shi a shagonsa na ƙofar gida, kan bencinsa, yana matse kwalbar a kan tsumman goge takalmi.

"Baba! Me kake yi?"

Ko kunya bai ji ba. "Auta, yarinyar nan ta iya aikinta, amma ba ta san gam ba. Wa ya taɓa liƙe takalmi ya kwara masa ruwa? Ido ɗaya gare ni, ba zan bari ya ɓalle ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Na ga kina duba kwalbar ne, ban so ranki ya ɓaci."

Idon ya yi jawur, tsakiyarsa ta yi fari. Na ja shi zuwa titi, na tsaya gaban motoci kamar mahaukaciya har ɗaya ta tsaya.

Likita ta daɗe tana haskawa. Da ta ɗago, ni ta kalla. "Irin wannan gam ɗin danshi ne ma ke sa shi ya kama. Yana nan daram. Kewayensa ne bushewa ta cinye." Ta ce yau za a yi faci da tantani, a ɗinke fatar idon a rufe. Gani kuwa, ba za ta yi mana alkawari ba.

"Don Allah, likita," na ce. Daga nan na rasa abin da zan roƙa.

Baba ya gyara zama. "Amma dai gam ɗin ya riƙe ko?"

"Ya riƙe, Baba."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Ku kira mini Auta, in kalle ta kafin ku ɗinke."

Ina durƙushe a gabansa, hannuwana a kan gwiwoyinsa.