Cokalin Halime

Ni na fara gani, kafin 'ya'yanta, kafin likita. Ranar da Halime mai nono ta sauke ƙwaryarta a ƙofar gidana ta kasa ɗagawa, na ce a raina matar nan ta kama hanya. Ban yi boko ba, amma na tsufa ina fawa a Garoua, kwalara ta kwantar da ni na tashi. Idona ba ya kuskure.

"Tsohon mahauci, kallona za ka tsaya yi?" in ji ta. "Ɗora mini!"

Na ɗora mata. Daga ranar ba ta sake fita talla ba.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai: jikanyarta Nazira. Duk unguwarmu ta Djamboutou da nonon Halime aka yi girma, sai wannan yarinya. Ɗigo ɗaya ya taɓa harshenta, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Daga baya aka sa ta cikin wani bincike a lopital, wato asibiti, wurin Dokta Léandre. Madarar da ke neman kashe ta ita suke ba ta, ɗigo-ɗigo a gaban likita da allura a kusa, har jiki ya saba. A gida a maimaita awon kullum. Ƙari kuwa sai a gabansa.

Lokacin da Halime ta kwanta, an kai cokali ɗaya.

Na shiga duba ta da hantsi, na tarar Nazira ta ciko ludayi.

"Kaka, bari in shanye ki gani."

"Ajiye, 'yar nema! Nawa likitan ya ce?"

"Cokali."

"Kawo cokalin. Yau ni zan ba ki."

Uwar yarinyar ta dube ni, na dube ta. Mun san hannun nan. Tun tana budurwa Halime ba ta taɓa auna wa mutum nono ba ta yi masa gyara ba. Ko maƙiyinta ne sai ta ƙara.

Aka tallafe ta. Ta cika cokalin, ta kai bakin yarinyar. Nazira ta haɗiye. Sai hannun ya koma ƙwarya da kansa, ya ɗebo rabi.

"Inna!" in ji uwar.

Halime ta tsaya tana kallon cokalin. Ta yi dariya har da tari.

"Mahauci, matso. Buɗe baki."

"Ni jariri ne?"

"Haƙori nawa gare ka? Buɗe."

Na buɗe, ta zuba mini gyaran Nazira.

Sannan ta riƙe haɓar yarinyar tana duban leɓenta, tana sauraron numfashinta. Muka zauna muna jira. Shayin da aka kawo mini ya huce, leɓe bai tashi ba.

"To," ta ce, "ta ci daga hannuna." Ta koma ta kwanta.

Washegari kafin azahar Allah Ya karɓi abinSa. Da waɗannan hannuwan na kama makarar Halime.

Yanzu an kai Nazira rabin kofi. Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo Djamboutou da safe. Zai same ta zaune a dokin ƙofa, ƙafa a miƙe, da farin layin madara a leɓenta na sama. Ya duba da kyau, sannan ya zo ya faɗa mini a fuskata.