Agogon da Na Sayo wa Baba

Jaka ɗaya. Riga biyu, wando ɗaya, littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, fensira, man zafi don gwiwar Inna, biskit ɗin da ni ba na ci. Agogo a hannuna. Mota ta ci rabin hanya kafin na tuna ban sako buroshin haƙori ba. Ban damu ba, don ba daɗewa zan yi ba.

Yaya ce ta kira ni. 'Yarta ta fari, wadda muke kira Cinnaka, ta gama sakandare, wata jami'a mai nisa kuma ta gayyace ta jarrabawa da ganawa da malamai. In ta ci, can za ta zauna, ba dawowa sai ƙarshen shekara.

"Kai ka san kan abin," in ji Yaya a waya. "Zo ka gyara mata baki. Sannan ka ji ni da kyau, Bature. Maganar jikin Inna ba ta sani ba. Kada ka soma."

Likita ya ga wani abu a cikin Inna, bai kuma faɗi magana mai daɗi ba. Yarinya an ce mata gwiwa ce da tsufa.

Bature sunana a gida tun da na tafi karatu ƙasar waje. Na dawo da daɗewa, ina aiki a wani gari, sunan bai sake ni ba.

Ƙofar gidan tana nan yadda na san ta, sai ka ɗaga ta da gwiwa take buɗewa. Cinnaka ce ta karɓi jakata.

"Kawu, ka yi tumbi."

"Sannu da zuwan ke nan?"

"Sannu da zuwa. Ka yi tumbi."

Tun tana rarrafe take cizon na gida, shi ya sa aka sa mata sunan. Haƙoran ta daina amfani da su, baki ya karɓi aikin.

A ɗakin Baba muka kafa makaranta. Teburin da na yi karatu a kai yana nan, ƙafarsa ɗaya gajeriya, an tokare ta da tsohon littafin lissafina. Tabon tawadar da na zubar bai fita ba. A bango akwai ƙusa, da wani zagayen wuri da fenti bai koɗe ba, inda agogon bango yake a da.

Baba gyaran rediyo yake yi. Lokacin tawa jarrabawar, yakan rufe shago da wuri, ya sauko da agogon nan ya ɗora a cinya, ya zauna gabana fuska a murtuke.

"Fara!"

In lokaci ya cika ya ga ban gama ba, sai ya yi tari, ya juya agogon kamar yana duba batir.

"Wannan abin yana gudu," yakan ce. "Ci gaba."

Ranar da zan tafi na ce masa zan sayo masa na hannu, wanda ba ya gudu. Ya ce in dai dawo da takarda, agogo ko na kwali ne ya karɓa.

Yanzu ni ne a kujerarsa. Rubutu ba shi ne matsalar Cinnaka ba, tana gamawa da sauran lokaci. Da muka zo ganawa sai matsalar ta fito. Na gyara zama, na sauya murya.

"Me ya sa kike son karatun haɗa magunguna?"

Kanta ya yi ƙasa. Bakin nan da ya addabi gida ya mutu.

"Haka nan."

"Haka nan ba amsa ba ce. Ɗago ki dube ni."

"Umma ta ce rashin kunya ne."

"A nan. Can kuwa in kin sunkuyar da kai, sai su ɗauka kina ɓoye wani abu."

Yaya ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Shekara goma sha bakwai ina tarbiyya, ka zo ka rushe kafin shayi ya huce."

"Ke kika kira ni."

"Na ce ka gyara mata baki, ban ce ka bushe mata ido ba."

Daga ɗakin da ke kallon namu muryar Inna ta taso. "Ki ce musu ke kike ba kakarki magani, ba ki taɓa saɓa lokaci ba! In ba su ɗauke ki ba su zo su same ni."

"Kaka, ba a shiga da tsofaffi!"

"Tsohuwa uwarki."

A ɗakin Inna yarinyar take kwana. Ita ke ba ta magani safe da yamma, ita ke karanta 'yar takardar da ke cikin kwali har da ƙananan rubutun. Don haka Yaya ta koma juye ƙwayoyin a wata kwalba marar rubutu, kwalayen kuma ta jefar a bolar bayan layi. Na ga kwalbar a kan taga. Aikin gidanmu ne, na san hannun.

Ina shekara ta biyu a waje Baba ya rasu, ana dab da jarrabawa. A lokacin sai ka kira shagon maƙwabci, a aika a kirawo na gida. Duk kiran da na yi, sai a ce Baba ya fita. Baba ya je sayo kayan gyara. Baba yana gaishe ka, ya ce ka dage. Na dage. Na ci jarrabawa, na sayi agogo a akwatinsa mai jan ƙyalle, na hau hanya. Na tarar da shagon an sake masa fenti, wani yana sayar da takalma a ciki. Na ɗaga ƙofar gida da gwiwa. Inna ta gaya mini rasuwarsa tun jaka tana kafaɗata. Ban yi ihu ba. Na ɗaura agogon a hannuna don ban san inda zan ajiye shi ba, kuma tun ranar yake nan.

Wata la'asar Cinnaka ta tafi ɗaukar hoton da jami'ar ta nema. Na zauna a bakin gadon Inna ina shafa mata man zafi a gwiwar da ba ita ce matsalar ba. Ƙafar ta zama kamar kara.

"Kana shirin tona ni," ta ce.

"Ban ce komai ba."

"Fuskarka ta ce. Tun kana yaro ba ka iya ajiye abu a ciki ba."

"Inna, kun yi mini."

"Mun yi. Ni na ce a yi. In aka mai da hannun agogo, haka zan sake yi."

"Da na zo na gan shi."

"Da ka zo ka zauna. Da yanzu kana shago kana hura ƙurar rediyo."

"Da na koma."

"Ƙarya kake yi, Bature."

Ban musa ba. Na daɗe da yin wannan lissafin, amsarsa ɗaya ce da tata.

"Ita ma jininku ce," in ji Inna. "In ta sani, za ta ce wa zai ba Kaka magani. Ta warware jaka. Badi a ce badin badi, shi ke nan an rufe ƙofa. Ni na ci zamanina. Ka bar yarinya ta tafi da zuciya ɗaya."

"In ta dawo da tsaraba kamar ni fa?"

Inna ta dubi hannuna, ta kau da kai.

"Shafa ɗayar," ta ce.

Kwanaki suka ja. Cinnaka ta koyi shiga ɗaki ba tare da jan ƙafa ba. Ta koyi cewa "ni na yi" ba ta haɗa da dariya ba. Yaya ta sayi akwati, ta cika, ta zazzage, ta sake cikawa. Mijinta, wanda direba ne, ya zana mata tashar da za ta sauka a bayan kwalin sabulu, har da inda ake sayar da ruwa mai araha. Kowa yana fara'a fiye da kima. Irin fara'ar nan na taɓa ji a waya.

Ana gobe za ta tafi muka yi gwajin ƙarshe, da hantsi. Na kwance agogon na ajiye a gabanta.

"Ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Ki riƙe wannan."

"Na maza ne."

"Lokaci ɗaya yake nunawa. Fita ki shigo."

Ta fita, ta ƙwanƙwasa, ta shigo, ta zauna. Duk abin da na jefa mata ta cafe. Ta faɗi dalilinta a jimla uku, murya a tsaye. Ban sami abin gyara ba.

"A ƙarshe za su ce ko kina da tambaya," na ce. "Kada ki ce babu."

"Ina da ita."

"Muna ji."

Ta dube ni cikin ido, daidai yadda na koya mata.

"Me ya sa maganin Kaka ya daina zuwa a kwalinsa?"

Sai na tsinci kaina ina kallon tabon tawada.

"Kawu," ta ce, "ka sunkuyar da kai."

Yaya tana bakin ƙofa da faranti, kofunan shayi biyu a kai. Ta ji. Ta girgiza mini kai a hankali, idonta ya cika. Bayan kafaɗarta ina hango ƙafafun Inna a kan gado, da kwalbar a kan taga.

Na tashi na karɓi farantin.

"Bature, don Allah," in ji Yaya.

"Yi haƙuri, Yaya."

Na rufe ƙofar. Na ajiye shayin kusa da agogon, na koma kujerar Baba.

"Zan gaya miki duk abin da likita ya ce, ba ragi," na ce. "Gobe kuma za ki hau mota. Maganin Kaka ni zan riƙa ba ta. Ba zan koma ba, a nan zan zauna, kuma duk ranar da kika kira, ni zan ɗauka."