Ranar da Gari Ya Ba Auta Jini

"Mota ce ta kaɗe yarinya! Ga ta nan kwance a bakin titi, jini sai zuba yake!"

Muryar tsohuwa ce, tana rawa. Mai amsa kiran gaggawa ta gyara abin sauraron da ke kunnenta, ta jawo kujera jikin tebur. Ta daɗe a wannan ɗaki mai wayoyi da tsohuwar fanka, har abokan aiki suka laƙaba mata Sanyi, domin ko gobara ce ke cin gidan mai kira, muryarta ba ta tashi.

"Kwantar da hankalinki, Inna. A ina kike?"

"Gaban makarantar firamare, kusa da gidan mai. Lemo nake sayarwa. Sai da na yi ta ture mutane kafin na kai gare ta. Sun zagaye ta, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Ba wanda ya taɓa ta, 'yar nan! Ba wanda ya kira ku!"

Sanyi ta ɗaga wa abokin aikinta hannu ya tura motar asibiti. Ta san makarantar sarai. Amma yara ɗaruruwa ne a cikinta, don haka ta kori tunanin da ya leƙo.

"Daga ina jinin yake fitowa?"

"Ƙafar hagu, ƙasa da gwiwa."

"Cire ɗankwalinki ki ɗaure sama da gwiwar. Ki ja shi tamau, ko ta yi ihu kada ki sassauta. Ki yi ta yi mata magana, kada ta yi barci."

Ta ji nishin tsohuwar, ta ji hayaniyar jama'a a bayanta.

"Na ɗaure. Tana magana ƙasa-ƙasa. Wai a kira mamanta. Wai mamanta ce ke aiko da motar asibiti."

Fanka ta ci gaba da juyawa. Sanyi ta dafa teburin da hannu biyu, domin ji ta yi ɗakin ya karkata.

"Inna, sa mata wayar a kunne," ta ce, da muryar nan tata ta kullum. "Auta, ni ce. Kawu Dogo na nan tafe da mota. Ki buɗe idonki ki kalli Inna mai lemo. Kin ji ko, uwata?"

Ba ta ajiye wayar ba sai da ta jiyo jiniyar motar ta cikinta. A lokacin ne ta miƙe, ta kama hanyar asibiti.

* * *

A asibiti ta iske maigidanta a ƙofar ɗakin tiyata. Tela ne, har yanzu abin awon ɗinki na rataye a wuyansa, ya baro shago a buɗe. Likita ta fito ta yi musu bayani ba kwana-kwana: yarinyar ta zubar da jini mai yawa, nau'in jininta kuma ba kowa ke da shi ba, abin da ke ajiye ba zai kai ko'ina ba. Aka gwada na uba, bai dace ba. Aka gwada na uwa, haka.

Dogo, direban motar da ta kawo Auta, yana tsaye gefe, rigarsa duk jini. Tun Auta na goye ya san ta. Ya koma motarsa ya ɗauki rediyon da ma'aikatan gaggawa ke magana da juna da shi.

"Jama'a, 'yar Sanyi ce. Jini ake nema. Duk wanda ya ji ya gaya wa na kusa da shi."

Sanyi ba ta san ya yi ba. Tana zaune a benci tana kallon ƙofa, leɓɓanta na motsi da addu'a. Ita da ta saba gaya wa mutane abin yi, yau ba ta da abin yi sai jira.

* * *

Rana ta fara karkata lokacin da wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa kafaɗarta.

"Yaya, zo ki ga wani abu."

Ta bi ta zuwa baranda, ta tsaya cak. Layi ne ya taso daga ɗakin ɗibar jini, ya bi jikin bango, ya zagaye wurin ajiye motoci, ya fice ta babbar ƙofa har titi. Direbobin haya da makullai a hannu, 'yan kwana-kwana cikin kayan aikinsu, mata 'yan kasuwa da goyo, malaman makaranta, makanikai da baƙin mai har gwiwar hannu. Ta duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ba ta san kowa ba.

"Su wane ne waɗannan?" ta tambaya.

Wata mata da ke kusa ta juyo da sauri, ta dafe ƙirji.

"Sake magana!" ta ce. "Wallahi ke ce! Wannan muryar ko cikin barci na san ta. Ranar da mijina ya faɗi a banɗaki, ke kika ce in danna masa ƙirji, kina ƙirga mini, ina kuka kina cewa in ci gaba. Ga shi can a layi, mai hular nan, ya fi ni ƙiba yanzu."

Magana ta bi layin kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Ita ce, ita ce. Wani dattijo ya ce a bayan motarsa jikarsa ta zo duniya, wannan murya ce ta yi ungozoma ta waya. Wani ƙaton mahauci ya matso yana share gumi.

"Ranki ya daɗe, ni da nake kayar da bijimin sa ni kaɗai, allura ce ke sa ni fitsari. Amma yau ko da bokiti za su ɗiba, su ɗiba."

Aka yi dariya, har maigidanta ya murmusa cikin hawaye. Sanyi kuwa ta bi layin da kallo. Shekara da shekaru tana magana da mutanen da ba ta gani, a katse waya ba ta san ƙarshen labari ba, ta koma gida tana tambayar kanta ko sun rayu. Ga su nan tsaye a rana, hannayen riga a naɗe.

Can wajen ƙarshen layi wasu samari biyu sun haɗa kai suna kallon waya. Da ta zo wucewa idonta ya faɗa kai. Auta ce a kwance a kwalta, tana miƙa hannu wajen ƙafafun da suka kewaye ta, ƙafafun kuwa ba su motsa ba.

"Ai wannan ne ya kawo mu, Mama," in ji ɗayan, da zuciya ɗaya. "Kowa ya gani."

Ta buɗe baki, ta rasa ko godiya za ta yi ko wani abu daban. Ta wuce.

* * *

An samu jini har ya yi saura, aka ajiye wa wasu. Auta ta rayu. Ƙafar ce ba a iya ceto ba.

"Da an ɗauko ta tun faɗuwarta, da wata maganar muke yi," likita ta ce a hankali. "Ta daɗe a kwance."

Kwanakin da suka biyo baya ɗakin bai rabu da mutane ba. Maƙwabta suka karɓi girki, sauran teloli suka raba ɗinkunan maigidan a tsakaninsu suka gama masa, abokan aikinta suka cike mata gurbi ba tare da ta roƙa ba. Inna mai lemo kullum sai ta zo, ta zauna bakin gado tana ɓare wa Auta lemo tana ba ta labarin masu taya kaya su tafi ba su saya ba. Kyaututtuka suka taru a kusurwa, mafi yawa ba a san wanda ya kawo ba.

Wata safiya Auta na barci, Sanyi ta zauna tana buɗe su. Sabulu, bargo, 'yartsana, littattafan zane. A ƙasa akwai wani kwali da aka ɗaure da kyau. Takalman makaranta ne sababbi fil, baƙaƙe, daidai ƙafar Auta. Wanda ya aiko bai ji ƙarshen labarin ba.

Ta ajiye na dama a ƙarƙashin gado, inda ƙafa za ta same shi. Na hagun ya rage a cinyarta, tana shafa igiyarsa da yatsa.