Abin da Ummi Ta Gani a Haidarabad

Ni Jawahir ba ni da riƙo, kowa a unguwarmu ta Aziziyya, nan ƙasa mai tsarki, ya sani. Amma abin da yayana Othman ya yi wa Ummi, mahaifiyarmu, ko gobe aka tada zancen sai raina ya ɓaci.

Aikin ido aka kai ta Indiya, birnin Haidarabad. Ni ya kamata in raka ta, to iƙamata, takardar izinin zama, tana hannun kafili, wanda ya tsaya mini a ƙasar, ana sabuntawa, ba halin fita. Othman ya bugi ƙirji ya ce shi zai kai ta, har da matarsa Layan, wai don ta riƙa kula da tsohuwa. Na ce to, Allah ya sa.

Abu ɗaya Ummi ta ƙwallafa wa rai. Abdulghani, Ba'indiyen da ke da kanti a ƙasan gidanmu, ɗan can ne, kuma ya daɗe yana ba ta labarin wani tsohon masallaci a garinsu, Masallacin Makka suke ce masa, wai da ƙasar Makka aka buga wasu tubalansa. Ummi kuwa a Makka aka yanke mata cibiya. Ta ce in Allah ya buɗe mata ido, shi za ta fara kallo. "Ƙasar garinmu ce ke zaman baƙunci a can, ai sai in je in gaishe ta." Ta sa na ɗaure mata gorar zamzam cikin akwati, za ta ba masu sharar masallacin. A filin jirgi, a gabana, Othman ya ce, "Halas, shi ke nan, Ummi, wannan a wuyana yake."

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Sai dai duk sanda na kira, tana barci, ko kuma an hana ta kallon waya. Na yarda, don ban ga dalilin ƙarya ba.

Ranar da suka dawo ina kwance mata kaya, sai ga gorar zamzam, da ƙullin da na yi mata da hannuna, ko taɓa shi ba a yi ba.

"Ummi, ba ku je masallacin ba?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Na maimaita.

"Othman ya ce ƙura da hayaƙi ba su da kyau ga sabon ido."

"Likita ne ya faɗa?"

"Likita cewa ya yi in sa baƙin tabarau in fita abina."

"To su fa?"

"Su kan fita da safe su dawo da yamma. Suna kawo mini abinci, ba su bar ni da yunwa ba."

Ba su bar ta da yunwa ba! Sai ka ce akuyar da aka ɗaure a turke. Na miƙe zan ɗauki waya, ta damƙe mini hannu, tsohuwa da ƙarfinta. "Kul! Ba ki ji ba, ba ki gani ba. Gobe mutane za su zo, ba za ki kunyata mini ɗa ba."

Washegari gida ya cika, kamar yadda muka saba in wani ya dawo daga jinya. 'Yan'uwa daga unguwar Bagdadiyya, maƙwabta, har Kawu Muntaka, ƙanin Ummi, wanda ke aikin direba a unguwar Abhur, ya roƙi uban gidansa ya bar tuƙi ya taho. Ina zagayawa da gahawa da dabino.

Shi kuwa gogan naka Othman ya haɗa wayarsa da talabijin ya tsaya da farar jallabiya kamar mai jagoran alhazai. Ga shi cikin keke mai ƙafa uku ana kutsawa tsakanin motoci. Ga shi a Golkonda, tsohuwar ganuwa bisa dutse, wai in ka tafa a bakin ƙofa ana jin ka a can ƙololuwa, har da tafa mana don mu gane. Ga Layan a kasuwar awarwaro, hannu cike har gwiwa. Ga tire na shinkafar biryani, ga kwalekwale a tafki. Hoto ya fi a ƙirga, kuma ko gefen mayafin Ummi babu a ciki. Ba wanda ya lura, sai "Masha Allah" ake yi, ana cewa ɗa ya yi wa uwarsa gata.

Sai aka zo kan wani da ya ɗauka daga saman Carminar, ginin nan mai hasumiya huɗu. A bayan kansa ga wani ƙaton masallaci na dutse, tattabaru sun rufe farfajiyarsa.

"Wannan fa?" in ji Kawu.

"Shi ne Masallacin Makkan da ake faɗa. Nan kusa ne, mun ma yi la'asar a ciki. Ba wani abin a-zo-a-gani, wallahi, tattabaru ne kawai."

Na ga Ummi ta matso gaba a kan kujera tana gyara tabarau, kafin ta daidaita shi Othman ya ture hoton da yatsa. "Yalla, ku ga wannan," ga Layan kuma tana shan rake.

Na buɗe baki. Ummi ta zuba mini wannan sabon idon, na rufe. Wallahi ban taɓa jin zafin yin shiru kamar na ranar ba.

Kawu ya juya yana dariya. "To Yaya Aishatu, ke da aka yi tafiyar dominki, an wanke miki ido tas. Ba mu labari, me kika gani a Indiya?"

Othman ya yi wuf. "Ai Ummi hutawa ta..."

"Ita na tambaya," in ji Kawu.

Na san Ummi, ba za ta tona ɗanta ba, ba kuma za ta yi ƙarya ba ko da wuƙa a wuya.

"Na ga fanka," ta ce. "Fukafukai uku gare ta, ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Ras nake ganinta, har ƙurar da ke kanta. Likitan nan ya iya aiki, Allah ya saka masa."

Wata ta fara dariya, ta ga ita kaɗai ce, ta haɗiye. Kawu ya dubi talabijin, ya dubi Othman, ya ajiye kofinsa bai shanye ba. Layan ta shiga janyo hannun riga tana rufe awarwaro.

"Jawahir," in ji Ummi, "ɗauko gorar nan ki kwance, ki zuba wa baƙi. Kada ta yi tafiyar banza."