Fitowa ta Huɗu ta Mujallar Sawu

Kafin 1978, duk wanda ya tara mujallar Sawu ya san tana da giɓi. Akwai fitowa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, daga nan sai ta biyar. Masu tarawar dai ba su da yawa. In an cire editan da kansa, aka cire gara, saura wani ma'aikacin laburaren jami'a da ke aiko wasiƙa duk shekara, yana tambaya cikin ladabi ko ta huɗu ta ɓace ne a hanya.

Ba ta ɓace ba. Tana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Malam Sunusi, littafin rubutu uku irin na 'yan makaranta.

A shekarar 1971 aka kafa Ƙungiyar Tarihin Tudun Wada da Kewaye, mutum tara a cikin ajin firamare bayan an tashi yara. Alhaji Garzali ya zama shugaba don shi ke da mota. Malam Sunusi, tsohon hedimasta, ya zama edita don shi kaɗai ke karanta littafi har ƙarshe. Makarantar ta ara musu tafireta da injin gurza takarda na hannu, wanda ke raba tawada daidai tsakanin takarda da rigar mai juya shi. Fitowa ta ɗaya jerin dagatai ce. Ta biyu jerin dagatan da aka manta a ta ɗaya, bayan jikokinsu sun zo da fushi. Ta uku, a kan kasuwannin mako daga Bebeji zuwa Doguwa, ita ce Malam Sunusi ba ya jin kunyar a gan shi da ita. A shafinta na ƙarshe ya buga sanarwa cewa ta huɗu za ta kasance a kan Kwarin Maje, ƙauyen da ruwan dam ɗin Tiga zai ci, daga bakin 'yar garin.

'Yar garin matarsa ce, Mairama.

Bayan la'asar suke aikin. Takan zauna a tabarma da faifan wake a cinya, ta lumshe ido, ta shigo garin a zuci ta gabas, gida-gida, shi kuma yana rubutawa. Ga maƙerar Hamman, wanda ba ya ƙira ranar Laraba kuma bai taɓa faɗin dalili ba. Ga rijiyar da ruwanta ke sa tuwo ya yi ja. Ga gidan Dije mai daddawa, da akuyarta da ta san ranar kasuwa. Ba ta sauri. Gida ɗaya kan ci kwana uku.

"Ke, a haka ruwan zai riga mu isa," in ji shi.

"Malam, ai ba a wuce ƙofar mutane ba a gaisa ba."

Gida arba'in da ɗaya suka shiga. Na arba'in da biyu gidan mahaifinta ne. Ta tsaya a ƙofar, ta kwatanta dakalin da itacen ɗorawar da ke gefe, sannan ta buɗe ido ta ce magariba ta yi, sai gobe. Da gobe ta zo zazzaɓi ya riga shi. Kwana tara ta yi. A daminar nan ta 1974 aka binne ta a Tudun Wada, ruwa kuma ya hau Kwarin Maje ya rufe har saman ɗorawar.

Mutane suka ce ya ƙarasa da kansa mana, ai gidan surukansa ne. Nan ne abin yake masa ciwo. Shekara talatin da ɗaya yana surukin gidan, bai taɓa wuce zaure ba. Yakan tuɓe takalmi tun daga dakali, ya durƙusa, ya kafa ido a tabarma. Ba ya cin abincin gidan, ruwa ma sai an juya baya. Har misali ake yi da kunyarsa, ana cewa ga ɗan boko mai tarbiyya, shi kuma yana jin daɗin yabon. Ya san sunayen ƙofofin biranen da bai taɓa takawa ba, saboda ya karanta su. Ya san saƙar tabarmar zauren nan zare-zare. Ɗakin da aka haifi matarsa kuwa, bai san ko gabas yake kallo ko yamma ba.

Sai ya hana kowa lamba huɗu. Ta biyar ta fito, ta shida, har ta tara, ta huɗu tana nan a buɗe.

A farkon 1978 Alhaji Garzali ya kira taro. Ƙungiyar ta koma mutum huɗu. Ya ce makaranta za ta karɓe injinta da zarar an ba da hutu, kuma yana so a ɗinke mujallar littafi guda.

"Littafi ba ya kyau da rami a tsakiya, Malam. Ina da tarihin gidanmu shafi ashirin. A sa masa lamba huɗu, kowa ya huta."

"Na karanta shi, Alhaji. Shafi goma sha biyu a kan tafiyarka Makka ne."

"Tarihi ne ai."

"Lambar tana da mai ita."

"Allah Ya jiƙan mai ita. Amma shekara huɗu ke nan. In an ba da hutu babu komai a hannunka, nawa za a gurza."

Saura mako biyar.

Akwai mai sanin cikin gidan, kuma Malam Sunusi ya san da ita tun ranar farko: Kulu, ƙanwar Mairama, tana sabon matsugunin da aka mayar da mutanen garin a bakin dam. Tun sadakar arba'in bai je ba. Yakan ce hanya ce ba kyau. Gaskiyar ita ce muryarsu ɗaya da yayarta.

Ya shiga motar kasuwa, ya sauka, ya ƙarasa da ƙafa. Gidajen a layi suke, a miƙe kamar bencin aji, babu lungu ko ɗaya da mutum zai ɓoye wa mai surutu. Ɗanasabe, mijin Kulu, wanda ya yi shekara arba'in yana noman dawa, yana zaune yana ɗinkin komar kamun kifi da yatsun da har yanzu ba su yarda da sana'ar ba. Suka gaisa, suka yi wa mamata addu'a. Kulu ta fito daga bayan murhun banda, hayaƙin kifi na bin ta.

"Lale da mijin Yaya. Ashe kana raye? Na ɗauka littattafai sun faɗo maka."

Ya riƙe bakin tabarma har muryar ta wuce.

"Ina nan, Kulu. Ke ma na ga kifi bai cinye ki ba."

"Ni nake cin sa. Aure ka zo nema? Ina da miji, ga shi nan, ko da yake ragarsa ta fi kama ciyawa."

"A bar ni da abin da ya dame ni," in ji Ɗanasabe, bai ɗago ba.

Malam Sunusi ya fito da littafi na uku, ya gaya mata inda yayarta ta tsaya. Ya ce so yake ta shigar da shi gidan.

Dariyar Kulu ta ɗauke. Ta daɗe tana kallon wajen ruwan.

"Shekara talatin Inna na cewa a ce maka ka shigo ka sha inuwa. Sai yanzu da babu ƙofa?"

"Sai yanzu."

Ta zaro ice daga murhu, ta kashe wutar bakinsa a ƙasa, ta share fili da tafin hannu, ta fara zane. Nan zaure. In ka fito sai ka karya dama, don hagu turken jaki ne, kuma yana harbi. Nan turakar Baba. Rumbu uku, na tsakiyar na gero, a ƙarƙashinsa kaza ke ƙyanƙyasa. Lemon tsami a bakin madafi. Ɗakin Inna yana kallon gabas, a nan aka haife su duka, tasoshi jere har rufi. Dutsen niƙa kuwa da suka gada daga kakarsu, ranar tashi mutum uku suka kasa ɗaga shi, direba na danna ham, aka bar shi.

Yana ta rubutawa. Ya tambaye ta taku nawa ne daga lemon zuwa ɗakin. Ta ce wa ke ƙirga taku a gidan ubansa? Ya ce ta kimanta. Ta ce takwas, in Yaya ce shida, don kullum da gudu take.

Sannan ta koma kan layin zauren ta ɗiga ɗan tabo.

"Wannan fa?"

"Huda ce a bango, inda gungumen azara ya fita. Duk zuwanku, Yaya na shiga ko mayafi ba ta cirewa sai ta sa ido a nan. Ta yafito mu, ta ce ku zo ku ga mai razana yara ɗari uku ya zama ɗan tsako. Ta yi ta dariya tana toshe baki. Har da furfurarta tana yi."

"Ba ta taɓa gaya mini ba."

"In ta gaya maka ai ka gyara zama. Ita kuwa a haka take son ganinka."

Alƙalamin ya tsaya. Ɗanasabe ya tashi ya ce bari ya duba kwalekwale, alhali kwalekwalen na ɗaure lafiya lau.

Mako uku ya yi yana bugawa da yatsa biyu, daga hantsi zuwa azahar. Bai gyara mata magana ba, bai mayar da akuyar Dije wata al'adar gargajiya ba. Inda Mairama ta tsaya ya ja layi, ya rubuta cewa daga nan ƙanwarta ce ta karɓa. Hudar bango ya sa ta, amma bai faɗi abin da ake gani ta cikinta ba. Alhaji Garzali ya juya shafukan ya ce bai ga sarauta ko ɗaya a ciki ba. Malam Sunusi ya ce haka ne, an yi sa'a. Suka gurza kofi sittin kwana biyu kafin hutu, ta huɗu ta fito bayan ta tara, aka zo aka ɗauke injin. Sawu ba ta sake fitowa ba.

Ranar Juma'a ya koma bakin dam. Aka shimfiɗa tabarmi, mutanen Kwarin Maje suka taru, mata daga bayan zana. Ya karanta tun daga gabas. Ɗan Hamman maƙeri ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta yi gardama a kan rijiyar, ta ce ba ja take sa tuwo ba, rawaya ne. Da aka gama aka yi fatiha, mutane suka watse a hankali, kowa ya bi layinsa.

Kulu ba ta tashi ba.

"Nawa ɓangaren ba shi da daɗi," ta ce. "Lissafin ɗakuna ne kawai. Koma farko, inda take magana."

"Duka arba'in da ɗayan?"

"Kana da wani aikin ne?"

Ba shi da shi. Motar ƙarshe za ta tashi da la'asar, ya san ba zai same ta ba. Ya gyara tabarau, ya buɗe shafin farko.